Farashi biyu a kasuwa ɗaya: nazari a kan littafin Isabella Weber

Tun da matatar man fetur ta Damagaram ta soma aiki a 2011, sunan ƙasar Sin bai bar bakin jama'a ba, kuma ɗalibai da dama da suka kammala digirin farko suna sha'awar zurfafa karatu a kan tattalin arzikinta. Wanda ya ɗauki wannan hanya zai yi wuya bai ci karo da littafin How China Escaped Shock Therapy ba, wato yadda Sin ta kuɓuta daga maganin farat ɗaya. Bajamushiya Isabella Weber, malama a jami'ar Massachusetts ta Amurka, ita ta wallafa shi da Ingilishi a 2021, bayan binciken da ta yi na digirin dokta.

Maganin farat ɗaya shi ne gwamnati ta saki farashin dukkan kaya rana guda, ta bar kasuwa ta yi hukunci. Rasha ta sha shi a Janairun 1992, tsadar kaya ta haura kashi 2,000 cikin ɗari a wannan shekara, ajiyar mutane ta zama toka. Weber ta nuna cewa sau biyu Sin ta kai bakin wannan rijiya, a 1986 da 1988, ta ja da baya. Abin da ta riƙe shi ne tsarin farashi biyu: manomi ko masana'anta su ba gwamnati kason da aka yanka musu a farashin hukuma, rarar da ta saura su kai kasuwa. Da haka kasuwa ta yi ta girma a gefen tsarin gwamnati har ta rinjaye shi.

Inda littafin ya fi armashi shi ne labarin gardamar masana. Marubuciyar ta zanta da masana kimanin 50 da suka ga abin da idonsu, waƙa kuwa a bakin mai ita ta fi daɗi. A gefe guda akwai masu bin littattafan Turai da Amurka, waɗanda suka saurari baƙi irin su János Kornai a taron da aka yi cikin jirgin ruwa a kogin Yangtze a 1985. A ɗaya gefen akwai matasan da aka tura ƙauye lokacin juyin al'adu na Mao, suka dawo sun san yadda manomi yake lissafi. Muryarsu ta fito a taron Moganshan na 1984. Weber ta danganta tunaninsu da tsohuwar hikimar Sin ta littafin Guanzi: hukuma ta riƙe kaya masu nauyi, kamar hatsi da gishiri da ƙarfe, ta sayi hatsi da kaka, ta fitar da shi lokacin tsada, kaya marasa nauyi kuwa ta bar wa ƴan kasuwa.

Wannan babi ba zai zama baƙo ga mai karatu a Maraɗi ko Tawa ba. Ya san rumbun tsimi, ya san aikin OPVN na saida cimaka da rahusa. Ya tuna karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, ya kuma tuna 2005, shekarar da hatsi yake jibge a kasuwa amma kuɗin tiya ya fi ƙarfin talaka. Littafin ya ba shi hujjar cewa tambayar wane farashi za a saki, wane za a riƙe, tambaya ce ta ilimi da manyan masana suka yi shekaru goma suna kokawa da ita.

Sai dai aikin yana da giɓi guda uku. Na farko, labarin ya tsaya a ƙarshen shekarun 1980. Sallamar miliyoyin ma'aikatan kamfanonin gwamnati a ƙarshen shekarun 1990, da shigar Sin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, da fitowar kamfanoninta zuwa Afirka, duk suna wajen iyakarsa. Ɗalibin da yake son fahimtar bututun man da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin sai ya nemi wani littafin. Na biyu, farashi biyu ya buɗe ƙofar cuwa-cuwa: jami'i ya karɓi ƙarfe a farashin hukuma, ya saida a farashin kasuwa. Fushin da wannan ya haifar, haɗe da tsadar 1988 da ta kai wajen kashi 18 cikin ɗari, yana cikin abin da ya fitar da mutane dandalin Tiananmen a 1989. Weber ta ambaci haka, amma ƙaunarta ga matasan masanan ta sa ta sassauta hukunci. Na uku, kwatanta Sin da Rasha yana da rauni, domin a 1992 Tarayyar Sobiyet ta riga ta wargaje, ita kuwa Sin tana da hukuma mai iya ƙirga buhu ta kuma tsare shi.

Wannan batu na ƙarshe shi ya kamata malamai su tsaya a kai tare da ɗalibansu. Rumbun gwamnati yana amfani ne gwargwadon amanar mai riƙe da mabuɗinsa. Ɗalibin da ya dawo daga Pekin da sha'awar tsarin kawai, bai tambayi wa zai auna hatsin ba, wa zai binciki mai awon, ya yi rabin karatu. Littafin Weber ya cancanci gurbi a ɗakunan karatun jami'o'in Yamai da Damagaram, kuma babinsa na Guanzi ya cancanci a mayar da shi Hausa, domin manoman da suka fi kowa sanin zafin farashi su ma su sa baki a gardamar.