Gani Ya Kori Ji? Sharhi a kan Alamomin Haɗari na Kwalaben Maganin Ƙwari

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma da alama masu tsara takardun da ake mannawa a jikin kwalaben maganin ƙwari sun yarda da wannan magana fiye da mu masu ita. A ganinsu, manomin da bai yi boko ba, ko a Tirmini yake ko a Indiya, da ya ɗora ido a kan zane zai fahimci saƙon. A kan wannan zato aka gina alamomi 9 na tsarin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003, wanda masu Faransanci ke kira SGH: baƙin zane a kan fari, cikin jan murabba'i da aka tsayar bisa kusurwarsa. Nufina a nan shi ne in karanta waɗannan zane-zane kamar yadda ake karanta kowane aikin fasaha, in ga wanda ya isar da saƙo da wanda ya maƙale a hanya.

Biyu daga cikinsu sun ci yabo. Harshen wuta wuta ne a ko'ina. Wanda ya fi shi ma shi ne zanen ruwa mai ci, inda ɗigo ke zuba a kan hannu yana cin fata, wani ɗigon kuma yana cin ƙarfe. A nan mai zanen ya ba da jimla cikakkiya: ga mai aikatawa, ga aikin, ga wanda abin ya faɗa wa.

To amma sauran fa? Alamar motsin rai, wato tsayayyen layi da ɗigo a ƙarƙashinsa, ba hoto ba ce sam. Ƙa'idar rubutun boko ce, sai wanda ya zauna a aji ya san ta. Akwai kuma inuwar mutum da wani abu kamar tauraro a ƙirjinsa, wadda ke nufin cuta mai daɗewa irin su sankara. Mai karatu ya tuna cewa a harshenmu kalma ɗaya ce, magani, ke ɗauke da abin da likita ke bayarwa da abin da ake fesa wa wake. Wanda ya ga ƙirji mai haske a jikin kwalbar "magani", me zai hana shi zaton na tari ne?

Ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye shi ne sarkin alamomin, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Bature ya gaji wannan hoto daga duwatsun kaburburansa da tutocin ƴan fashin teku. Mu kuwa mamaci wanka ake yi masa, a sa shi a likkafani, a rufe shi tun rana ba ta faɗi ba. Ba wanda ya taso yana kallon ƙashin kan mutum. In da Bahaushe ne ya zana mutuwa, makara zai zana. Wannan ba gardamar malaman makaranta kaɗai ba ce. A ƙarshen 1971 an kai wa manoman Iraƙi irin alkama da sha'ir da aka cuɗa da gubar zaiba, an rina shi ja, gargaɗin yana cikin Turanci da Sifaniyanci, ga kuma ƙoƙon kai a jikin buhuna. Irin ya iso a makare, mutane suka wanke rinin, suka niƙa, suka yi gurasa. Ƙididdigar hukuma ta ce mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 suka rasu. Ko a Amurka ma, a 1971 wani asibitin yara a birnin Fitsbag ya ƙirƙiro wata koriyar fuska mai yatsina, don yara sun saba ganin ƙoƙon kai a matsayin tambarin wasa.

Ƙananan zane-zanen da hukumar FAO ta jera a gindin takardar sun fi kusa da rayuwar manomi: safar hannu, takalmin roba, saniya da kaza. Duk da haka, wankin hannu a bakin famfo aka zana shi, ajiya kuma a kabad mai kwaɗo. Gidan da rijiya da buta ne ruwansa, rumbu da rataya ne ma'ajinsa, an bar masa aikin fassara.

Darasin yana rubuce a kan duwatsun ƙasarmu tun da daɗewa. A Dabus, arewa da Agadas, akwai sassaƙen raƙuman dawa biyu da Christian Dupuy ya ba da rahotonsu a 1987. Babban ya haura mita 5, kuma ana ƙiyasta shekarunsu da dubu 6 zuwa 8. Duk yaron da ya ga hoton zai ce raƙumin dawa ne. Amma akwai layin da ya sauko daga bakin kowace dabba zuwa wani ɗan ƙaramin mutum. Igiyar farauta ce, ko addu'a, ko alamar dangi? Masana na ta hasashe har yau. Sunan ya tsira, aikatau ya ɓace tare da mutanen da suka san shi. Haka dagin da magina suka yi wa gidajen Birni a Damagaram ado da shi: ɗan gari na ganinsa ya san gidan mai hali ne, baƙo kuwa ƙulli kawai yake gani. Abin da Saussure ya koyar game da kalma, cewa yarjejeniyar jama'a ce ke ba ta ma'ana, ya hau kan zane fiye da yadda ake zato.

Wani abin mamaki shi ne masana kimiyyar haɗa sinadarai su da kansu sun gwada hoto sun watsar. A 1808 John Dalton ya ba kowane sinadari da'irarsa mai ɗigo ko layi. Ba a jima ba Berzelius ya kawo haruffa, kuma su ake koya wa ɗalibanmu har gobe. Sun riƙe rubutu a tsakaninsu, sun miƙa wa talaka abin da suka ga bai wadatar da su ba.

Ban ce a goge alamomin ba. Alama takan yi aiki in an koyar da ita, kamar yadda direbobi suka koyi ja da kore. Layin launi da ke gindin takardar, ja ga mafi haɗari, sannan rawaya, shuɗi da kore, abu ne da gidan rediyo zai iya bayyanawa cikin minti biyu. Kalmar "guba" kuma, haruffa huɗu a boko, ba za ta ci wuri ba in an ƙara ta da ajami, rubutun da almajiran wannan yanki suka iya tun kafin yaƙin Tirmini na 1899. Sai dai duk wannan ya shafi kwalbar da ta iso da takardarta ne. Fiya-fiya da ake zuba wa wake, sau da yawa a kasuwa ake ɗura shi cikin tsohuwar robar lemo, ba zane, ba rubutu, sai abin da mai sayarwa ya faɗa da baki.