Allura da zare ma magani ne, in an samu mai kula

A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Daura, suka fito da mutum 67, daga ɗan shekara 7 har mai shekara 40, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a jiki. An kai su asibiti, an wanke musu rauni, an miƙa su ga dangi. Labarin ya yi 'yan kwanaki a rediyo, ya wuce. Mutanen kuwa suna nan cikin jama'a, suna zuwa kasuwa, suna bin sahu a masallaci, kuma abin da suka kwana da shi wata da watanni bai fita daga jikinsu ranar da aka kwance marin ba.

Ana yi wa Sandamu da sauran ƙasar Daura kallon tudun mun tsira, idan aka kwatanta da Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara inda 'yan bindiga suka hana mutane barci. Gaskiya ne, amma da sauƙi ba lafiya ba ce. A watan Mayun 2019 a ƙofar gidansa aka ɗauke Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar, ya yi wata biyu a hannun masu garkuwa. Ga sojan da ya dawo daga Borno ba ya son ƙarar ƙofa. Ga matar da ta shekara goma tana shan duka a gidan miji, aka ce ta yi haƙuri.

Irin wannan ciwon na wanda ya daɗe cikin azabar da ba shi da hanyar kuɓuta daga gare ta, likitar ƙwaƙwalwa 'yar Amurka Judith Herman ta yi bayaninsa tun 1992, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Ban da firgita da mugun mafarki, mai shi ba ya iya riƙe fushinsa, yana ganin kansa ba a bakin komai ba, kuma ba ya sakin jiki da kowa, ko da uwar da ta haife shi. A ƙauye cewa ake yi ya zama wani iri, ko an yi masa sammu.

Yanzu wata hanya tana samun karɓuwa a wajen ƙungiyoyin agaji: jinya ta hanyar zane da aikin hannu. Ba sabuwa ba ce. Mai zane ɗan Ingila Adrian Hill ne ya raɗa mata suna a 1942, bayan ya yi jinyar tarin fuka ya ga yadda zane ke ɗauke wa majinyaci damuwa. A farkon shekarun 1950 Ulli Beier ya kai wa masu taɓin hankali da ke Lantoro a Abekuta fenti da takarda. A Borno kuma gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta haɗa zane da kiɗa cikin shawarwarin da take bai wa waɗanda rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita.

Hanyar tana da hujja, musamman a ƙasar da kunya ke rufe baki. Matar da aka sako daga daji ba za ta zauna gaban baƙo ta faɗi abin da aka yi mata ba, ko mijinta ba za ta faɗa wa ba. Amma hannu yana yin abin da harshe ya ƙi, kuma abin da aka ajiye a kan tabarma ana iya kallonsa daga nesa, a rufe shi idan ya yi nauyi, a dawo gobe. Sai dai kada a zuzuta: wani nazari da masana a Holan suka fitar a 2015 ya tattara bincike shida kacal a kan manya, rabinsu ne suka nuna sauƙi a fili. Taimako ce, ba ta maye gurbin likita, ba ta kuma hana addu'a.

Matsalar tana ga yadda ake kawo ta. A tara magidanta a aji, a miƙa wa mai furfura fensir mai launi a ce ya zana abin da ke ransa. Zai karɓa don kara, a zuciyarsa kuwa yana cewa an mai da shi ɗan firamare. Da yawa ma ba sa son zana mai rai saboda addini. Alhali mutanen nan suna da nasu zanen tun kaka da kakanni: zayyanar allo ranar sauka, dagi a bangon soro, aska takwas a ƙirjin riga, zanen ƙwarya, lalle, ɗinkin hula.

A dubi mai saƙar faifai. Ta jiƙa kaba, ta rina wata ja wata kore, ta soke da basilla, ta ja, ta zagaya. Numfashinta yana bin hannunta. Ita ke zaɓar launi, ita ke cewa nan za a tsaya, in ta ɓata layi ta warware ta sake. Ga wadda aka shafe watanni ana juya ta yadda aka ga dama, wannan ɗan ikon ba ƙaramin abu ba ne. Kuma mata huɗu da ke saƙa wuri ɗaya, ido a kan faifai, sukan faɗi abin da ba za su faɗa ido cikin ido ba. Haka maza masu ɗinkin hula a gindin darbejiya.

Amma saƙa kaɗai sana'a ce. Abin da ke mai da ita jinya shi ne a samu mai horo a wurin, wanda ya san lokacin da zai yi shiru da lokacin da zai tura mutum asibiti, kuma wanda zai dawo mako bayan mako. Herman ta sa kwanciyar hankali a matakin farko, kafin a taɓa tuna baya. Taron yini ɗaya da za a sa mutum ya zana daren da aka kai musu hari, a ɗauki hoto a ɗora a Facebook, a shiga mota a tafi, fama gyambo ne a bar shi a buɗe.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, asibitocinsu kuma irin na Dawanau da Barnawa da Kware suna nesa da aljihun manomin Fago ko Rijiyar Tsamiya a Sandamu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da marigayi Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta kawar da tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma takarda ba ta zama da majinyaci. Akwai makarantar koyon aikin lafiya a Daura. Gwamnatin Katsina da ƙaramar hukumar Sandamu su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci a can, su haɗa su da gwanayen saƙa da ɗinki na kowace unguwa, masarauta kuma ta sa baki don magidanta su bar matansu su je.