Ba a Yabon Ɗan Kuturu: Yaran Ƙwallo da Nauyin da Muke Ɗora Musu

Sanin kowa ne cewa duk inda ɗalibanmu suka haɗu a ƙasar waje, bayan gaisuwa da tambayar labarin gida da kukan jinkirin alawus, hirar ƙwallo ce ke biyo baya. Mu a nan unguwar Malaz da ke Riyadh abin ya fi yawa, domin a unguwar ne filin wasa na Yarima Faisal bin Fahd yake, inda Al-Hilal da Al-Nassr da Al-Shabab suka daɗe suna karawa. Akwai wata magana da ba ta ɓacewa a irin wannan hira, wato: "Ina wane? Ai yaron nan ya lalace." Wannan hukunci nake so in yi wa gyara, domin a iya fahimtata akwai rashin adalci a cikinsa, kuma 'yan jaridar wasanni da mu 'yan kallo muna da kaso mai tsoka na laifin.

Bari mu fara da abin da ya faru a wannan ƙasa ta Saudiyya. A shekarar 1989 aka yi gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a nan, kuma a ita ce Flying Eagles suka yi abin mamakin nan na Dammam, inda Tarayyar Sobiyet ta ci su 4 da nema, suka farke duka huɗun, sannan suka yi nasara a bugun fenareti. A wasan ƙarshe a filin Sarki Fahd da ke Riyadh, Fotugal ta doke su 2 da nema. To, mai karatu, dubi inda rayuwa ta kai 'yan wasan ƙasashen biyu. Paulo Sousa na Fotugal ya ɗauki kofin zakarun Turai sau biyu a jere, da Juventus a 1996 da Dortmund a 1997, Fernando Couto kuma ya buga wa ƙasarsa wasa sama da 100. A namu ɓangaren, Mutiu Adepoju ne ya yi nisa har ya je gasar kofin duniya ta manya sau uku, yawancin sauran kuwa sai dai a tuna da su in ana labarin Dammam.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Rabi'u Ibrahim, ɗan Kano, mai riga lamba 10 a Golden Eaglets da suka ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Koriya ta Kudu a 2007. Tun kafin ya sauka daga jirgi jaridu sun raɗa masa suna "sabon Okocha", mujallar World Soccer kuma ta sa shi cikin matasa 50 da duniya za ta zuba wa ido. Sporting ta Lisbon ta saye shi, ta ba da shi aro ga wata ƙaramar ƙungiya, daga nan sai PSV ta Holan a 2011, sai Celtic a 2012 inda da ƙyar ya taka fili, sai Kilmarnock a 2013. Shekarun da ɗan ƙwallo ya fi buƙatar wasa kowane mako, shi a benci da canjin gari ya cinye su. Abokin wasansa Macauley Chrisantus, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar da ƙwallo 7, ya tafi Hamburg, shi ma aro aka riƙa bayarwa da shi a rukuni na biyu na Jamus.

A wannan gasa ta 2007, Toni Kroos na Jamus ne aka zaɓa gwarzo. Gida ya koma, cikin harshensa da abincinsa da mutanensa, Bayern Munich ta riƙa sa shi a wasa sannu a hankali, ta tura shi Leverkusen ya goge, ya dawo. Ya ɗauki kofin duniya a 2014 da kofin zakarun Turai sau 6 kafin ya yi ritaya a 2024. Ban ce baiwarsu ɗaya da Rabi'u ba. Abin da nake cewa shi ne, ɗaya ya sami masu rainonsa, ɗayan kuwa ya sami masu cinikinsa.

Dalilan wannan matsala, a ganina, uku ne. Na farko shi ne ma'aunin da muke amfani da shi. Wasa bakwai kacal ake bugawa a waccan gasa ta 2007 cikin mako uku, yaro da yara 'yan'uwansa. Wanda ya riga sa'o'insa girman jiki zai yi ta wuce su kamar iska, amma bayan shekara uku kowa ya cika ya kawo, sai fifikon ya ɓace. Unguwarmu ta Malaz a da can da filin sukuwar dawakai aka san ta, kuma duk mai doki ya san ba a yanke wa ɗan dukushi farashi da sukuwa ɗaya.

Na biyu shi ne maganar shekaru, wadda ba ma son a taɓo. A ƙarshen 1989 FIFA ta dakatar da Nijeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa uku, ta kuma ƙwace mata damar karɓar baƙuncin gasar 1991. A 2009 aka fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI don tantance 'yan ƙasa da 17. Ba na zargin kowa daga cikin waɗanda na ambata, amma duk hukumar da ta fi son kofin yau a kan ɗan wasan gobe, to za ta girbi abin da ta shuka. Nijeriya ta ɗauki kofin 'yan ƙasa da 17 sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma Super Eagles ba su taɓa wuce zagaye na biyu ba a gasar manya.

Na uku shi ne gaggawa. Dillali yana son kasonsa, iyaye suna son a fita daga talauci, yaro yana son a ce yana Turai, sai a zaɓi ƙungiya mai babban suna maimakon wadda za ta sa shi a wasa. Sauri ya haifi nawa. Dubi Ahmed Musa: sai da ya buga gasar gida da Kano Pillars, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, sannan ya tafi ƙaramar ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan, daga nan CSKA Moscow a 2012. Mataki mataki ya hau, shi ya sa da abin ya ƙi a Leicester bayan 2016 bai rushe ba. Ya ci Iceland ƙwallo biyu a 2018, ya zo nan Riyadh ya ɗauki kofin lig da Al-Nassr a 2019, ya kuma buga wa Nijeriya wasa sama da 100.

Kada mai karatu ya zaci cutar tamu ce mu kaɗai. Bojan Krkić na Barcelona, wanda aka kira "sabon Messi", daga baya ya bayyana cewa ciwon fargaba ne ya hana shi zuwa gasar ƙasashen Turai ta 2008. A Kanada da Amurka kuma, a wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, kowace shekara ƙungiyoyi kan zauna su zaɓi matasa bi da bi, waɗanda suka fi rauni su ke samun damar fara zaɓe. A 1993 Ottawa ta zaɓi Alexandre Daigle na ɗaya, ta ba shi kwantiragin sama da dala miliyan 12. Ya buga wasa sama da 600 a babbar gasarsu, amma har yau da shi ake buga misalin wanda ya ba da kunya, kawai don lambar da aka liƙa masa yana ɗan shekara 18.

Abin tambaya a nan shi ne, wa ya yi alkawarin da muke cewa ba a cika ba? Rabi'u bai taɓa ce mana shi Okocha ne ba, mu muka faɗa. Bayan duk wancan yawo ya tafi Sulobakiya a 2015, ya ɗauki kofin lig da Trenčín, sannan ya ƙara ɗaukar wasu da Slovan Bratislava. Mutumin da ya ci abincinsa da ƙwallo shekara da shekaru, ya tara lambobin yabo a ƙasar da ba tasa ba, in aka ce ya lalace an zalunce shi. Gyaran da nake nema a wurin marubuta wasanni shi ne su daina raɗa wa yaro sunan wani gwani, su riƙa tambayar wasa nawa ya buga bana, wa ke horar da shi, wa ke kula da shi in ya ji rauni. Hausawa sun riga sun gama magana: ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Da yawanmu mu ne na ɗaya a ajinmu, aka raka mu filin jirgi da kirari, tun ba mu fara karatu ba ana kiran mu likita ko injiniya ko shehi. Muka zo muka tarar da sabon harshe da kaɗaici da abokan karatu da suka fi mu shiri. A cikinmu akwai wanda ya maimaita shekara, akwai wanda ya canza fanni, akwai wanda kunya ta hana shi buga waya gida. Kafin mu ce wane ya lalace, mu fara ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinsa mu ji abin da ke damunsa, manyanmu kuma su riƙe sababbin zuwa a shekararsu ta farko, domin a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya sa mu koma gida da abin da muka zo nema.