Kalmar "Bariki": Sharhi a Kan Koyar da Ararrun Kalmomi

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa jera ararrun kalmomi daura da takwarorinsu na Ingilishi, kamar yadda aka saba yi a azuzuwan Hausa, yana ɓoye wa ɗalibi tarihin ma'ana. Kalmar "bariki" ta isa misali.

Da farko dai, Ingilishi ma aro ya yi. A ƙarni na 17 ya karɓi "barrack" daga "baraque" ta Faransanci, wadda ake dangantawa da "barraca" ta Sifaniyanci da "baracca" ta Italiyanci. Ma'anarta ta asali ita ce bukkar wucin gadi da mayaƙa kan kafa a sansani. Daga bisani ne ta zama ginin da ake girke soja.

A Kano, kalmar ta sami gindin zama bayan da rundunar Kanar Morland ta ci birnin a 1903. Turawa suka zauna a bayan ganuwa, wajen Nasarawa da Bompai, tare da sojojinsu da kukunsu da masinjojinsu. Bakane bai tsaya bambance ɗakin soja da ofishin Razdan ba. Duk bariki ya kira su, har da masaukin Di'o a ƙauye lokacin rangadi.

Daga nan sai ma'anar ta tashi daga wuri ta koma kan hali. Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni unguwanni ne na wajen ganuwa, cike da ma'aikata da 'yan haya, amma idan dattijo a can ya ce wane ɗan bariki ne, ba batun soja yake yi ba. Yana nufin wanda ya bar gaban iyaye, idonsa ya buɗe, kunyarsa ta ragu. "'Yar bariki" kuwa tambari ne da ke iya hana mace aure. Har kalmar ta haifi "barikanci". Babbar hujja ita ce, mai nufin ma'anar yaƙi yakan ƙara bayani, ya ce "barikin soja" ko "barikin Bukavu".

Saboda haka, malamin da ya ce "bariki" ita ce "barrack" ya yi shiru, rabin gaskiya ya faɗa, kuma mai fassarar da ya dogara da shi zai iya mayar da zagi ya zama adireshi. Ya kamata masu ƙamus da masu littattafan makaranta su jera ma'anonin bi da bi, su kuma nuna wadda ta fi rinjaye a bakin Bahaushe.