Gidan Hutu ko Mafaka: Tarken Littafin Birnam Wood na Eleanor Catton

Birnam Wood ƙagaggen labari ne da Eleanor Catton, marubuciya ƴar ƙasar Niyu Zilan, ta wallafa da Ingilishi a shekarar 2023, wato shekara 10 bayan littafinta The Luminaries ya ci kyautar Booker. An gina labarin a kan cinikin wata gona da ke Thorndike, ƙaramin gari na ƙirƙira a bakin tafki, tsakanin duwatsun tsibirin kudu na ƙasar. Zaftarewar ƙasa ta toshe hanyar da ta ratsa duwatsun, garin ya zama saniyar ware. A daidai wannan lokaci ne wani hamshaƙin attajiri Ba'amurke, Robert Lemoine, mai kamfanin jirage marasa matuƙi, ya nemi sayen gonar a asirce. Ya ce yana so ya gina ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda zai fake idan duniya ta rikice.

Kafin a shiga jigo, ya kamata ɗalibin harshe ya tsaya a kan sunan abin da ake saye. Idan aka ce wa Bahaushe wane yana da “gida na biyu”, abin da zai fara zuwa ransa shi ne gidan amarya. “Gidan hutu” ya fi kusa da manufa, amma shi ma bai cika ba. Mutanen Niyu Zilan suna da kalmar bach, wadda ke nufin ɗan gidan katako marar ƙawa da iyali ke zuwa lokacin hutu, kuma a can kudancin ƙasar suna ce masa crib. Abin da Lemoine ke nema ya sha bamban da wannan. Mafaka yake nema, irin wadda ake tanada don ranar gudu. Mai fassara da ya haɗa waɗannan ma'anoni cikin kalma guda zai ɓatar da rabin rikicin littafin.

Marubuciyar ba daga sama ta tsinko tauraron nata ba. An saka labarin a shekarar 2017, shekarar da jaridu suka bankaɗo cewa Peter Thiel, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa PayPal, ya sami takardar zama ɗan ƙasar Niyu Zilan tun 2011, alhali kwana 12 kacal ya yi a ƙasar cikin shekara biyar kafin nan. A 2015 ya sayi fili mai faɗin hekta 193 a bakin tafkin Wanaka. A 2022 hukumar yankin ta ƙi amincewa da katafaren masaukin da ya nemi ginawa a wurin, saboda zai ɓata kyan gaɓar tafkin. Masu sharhi da dama sun ga inuwar wannan lamari a jikin Lemoine.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne wajen zana masu sayarwa. Catton ta fahimci cewa baƙo ba ya shiga gida sai an buɗe masa ƙofa, don haka ta ɓata lokaci mai tsawo a kan masu riƙe da makulli. Na farko Owen Darvish, mai kamfanin kashe zomaye da sauran dabbobi masu ɓarna, wanda aka ba lambar girma ta Sir saboda wai hidimar kare muhalli. Gonar ma gadon matarsa Jill ce. Kuɗi ba su dame shi kamar yadda son a gan shi tare da babban mutum ya dame shi ba. Ta biyu Mira Bunting, shugabar ƙungiyar matasa mai suna Birnam Wood, masu shuka kayan lambu a filayen da aka yi watsi da su, da izini ko babu. Mira ta gina rayuwarta a kan ƙin jari-hujja, amma da Lemoine ya yi mata tayin dala 100,000 da wurin noma a gonar, sai ta shiga lallashin kanta cewa ita ce za ta ci ribarsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa, sai dai a nan kwaɗayin suna ne da na a ce mutum yana da gaskiya.

Salon da aka bi wajen fito da wannan ya cancanci nazari. An kasa littafin gida uku, babu babi-babi. Mai ba da labari yakan shiga zuciyar tauraro ya yi magana da irin tunaninsa cikin dogayen jimloli masu sarƙaƙiya, har mai karatu ya ji hujjar mutum tana tsayawa da ƙafarta, sannan ƙarshen jimlar ya tona yaudarar da ke ciki. Dabara ce da aka san Jane Austen da ita, kuma Catton ce ta rubuta fim ɗin Emma na 2020. Shi kuwa sunan littafin an ɗauko shi daga wasan Macbeth na Shakespeare, inda aka tabbatar wa sarki ba zai faɗi ba sai daji ya taso ya zo fadarsa. Kowane tauraro a nan yana ɗauke da irin wannan tabbaci na ƙarya.

Rauni ya bayyana ne daga inda aka fallasa ainihin manufar Lemoine. Ashe maganar mafaka rufa-ido ce. Yana haƙar ma'adinai masu tsada a ɓoye cikin gandun dajin gwamnati da ke maƙwabtaka da gonar, kuma aikinsa ne ya jawo zaftarewar ƙasar da ta hallaka mutane. Wannan ya ƙara wa labarin zafi, amma ya rage masa nauyi. Da zarar mai saye ya zama ɓarawo kuma mai kisan kai, sai tambayar da aka faro da ita ta sulale: mene ne laifin attajirin da ya sayi gida a bakin tafki da kuɗinsa na halas, ya rufe, ya tafi, ba ya dawowa sai makonni kaɗan a shekara? Irin wannan mai saye shi ne ya fi yawa, kuma littafin ya bar shi ya wuce ba tare da an tuhume shi ba.

Haka nan mutanen Thorndike kusan ba a jin muryarsu. Ba a zauna da mai shago ba, ko ma'aikacin otal, ko matashin da haya ta kora daga garin da aka haife shi. A zahiri kuwa nan ne ciwon yake. Garin Queenstown, da ke bakin tafkin Wakatipu, yana cikin wuraren da gida ya fi tsada a ƙasar, kuma a 2023 kafofin labarai sun nuna ma'aikatan da ke yi wa baƙi hidima suna kwana cikin motoci don rashin ɗakin haya, ga gidajen hutu a kulle. Tsadar gidaje ce ta sa a 2018 majalisa ta hana yawancin baƙi sayen gidajen da aka riga aka gina, ban da ƴan Ostireliya da Singafo. A 2025 gwamnati ta sanar da sassauci ga masu bizar zuba jari, muddin gidan ya kai dalar Niyu Zilan miliyan 5.

Ƙarshen littafin na zubar da jini ne, kuma ya zo da gaggawar da ba ta dace da tsanakin da aka yi a kashi na farko ba. Duk da haka akwai abu guda da ya faɗa daidai gurbinsa. Jill Darvish, wadda ta girma a gonar kuma ta san kowane lungu nata, wadda mazan labarin duka suka raina, ita ce ta taho da bindigar farauta ta harbe Lemoine.