Yankan Ɗango a Waƙar da Ba Ta Bin Kari: Abin Lura ga Malaman Jalingo

A rubutacciyar waƙa ta gargajiya, irin Imfiraji ta Aliyu Namangi, kari da amsa-amo ne ke shaida wa kunne ƙarshen ɗango. Waƙar zamani da ta ajiye waɗannan biyu kuwa, ta dogara ne ga inda marubuci ya yanke ɗango da filin da ya bari tsakanin baitoci. Idan aka yanke "Ya dawo gida babu kowa" bayan "gida", mai karatu zai dakata da fatan alheri kafin rashi ya riske shi. A jere ɗaya, labari ne kawai.

Don haka muna ganin kwafe irin wannan waƙa a allo ba tare da kiyaye yankanta ba tamkar mayar da ita zube ne. Illar ta fi tsanani a Jalingo, inda ɗalibai da dama suka tashi da Fulatanci ko Mumuye, kuma dakatawar ce ke yi musu jagora. Muna ba da shawarar manhaja ta faɗaɗa darasin gangara da saɓi-zarce, kamar yadda Abdulƙadir Ɗangambo ya fayyace su, har ya haɗa da wannan tsari.