Kunnen da Ke Auna Zurfin Ruwa

Jefa tsakuwa a rijiya, ka tambayi tsohuwa a Safana me ta ji, za ta ce maka tsulum. In jaki ne ya zame ya faɗa kududdufi, sai dai tinjim. Yaro ya yi tsundum, to ruwa ya shanye shi har ka, a kai masa ɗauki. Amma in ka ji facal-facal, kwantar da hankalinka, ruwan bai wuce idon sawu ba, yara ne ke wasa bayan an ɗauke ruwan sama. Caɓal kuwa, an riga an dame wurin ya koma laka.

Kalma guda ke nan ta gaya maka nauyin abin da ya faɗa, da zurfin ruwan, da ko akwai abin tsoro. Malaman nahawu suna kiran irinsu amsa-kama.

Kowa ya san su, amma ba kowa ya iya ajiye su a muhallinsu ba. Gwanayen su ne tsofaffi masu tatsuniya, da makiyayan da ke shayar da shanu a gefen Dajin Rugu, da masuntan madatsar Zobe. Dubi tsohuwa in za ta jefa Gizo rijiya. Sai ta ɗan yi shiru, ta ɗaga hannu, ta sake shi tare da kalmar, ta ja ƙarshenta har jikoki su zabura. Ta ce tsulum a inda ya kamata ta ce tinjim, Gizo ya zama tsakuwa, dariya ta mutu.

Daga ina kalmomin nan suka fito? Masana kan bi sawun kalma har gidansu: alƙalami daga Larabci, takobi daga Abzinawa.  Amsa-kama kuwa kunne ne ya haife su, har suka yi 'ya'ya: daga tsundum aka sami tsunduma.

Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya tattara amsa-kama da dama, yana ma nuna kalmomin da ke na Katsinanci. Sai dai takarda ba ta ɗaukar murya. In kana da kaka a Runka ko Batsari, kunna wayarka ka naɗi tatsuniyarta tun tana da ƙarfin ba da ita.